Mu Haɗu a Littafi na Biyu

Lokacin muna 'yan sakandare, can ƙarshen shekarun 1990, akwai wani bawan Allah da ke baza tabarma a bakin kasuwar Yelwa, tsakanin masu albasa da masu bandar kifi. Hajarsa 'yan ƙananan littattafai ce masu laushin bango, ya jera su sahu-sahu ya danne da duwatsu saboda iskar kogi. Akan saya jefi-jefi, amma cinikinsa na haya ne. Ka ba da abin da bai kai kuɗin ƙosan safe ba, ka tafi da littafi ka kwana da shi, gobe ka mayar. Yana da wani tsohon littafin rubutu inda yake sa sunan mai haya da unguwarsu, kuma bai taɓa yarda ya ba mutum na ɗaya da na biyu a rana guda ba. Yayata ba ta zuwa kasuwa, ni take aikowa. Ni kuwa kafin in kai gida na cinye rabin littafin a gindin mangwaro, in na isa in ce layi na tarar.

Wannan mai tabarma shi ne wutsiyar sana'ar. Kanta yana Kano. Daga can ake ɗauro littattafan a kwali, su biyo motocin kaya ta Birnin Gwari da Tegina da Kwantagora su sauka Yauri, daga nan 'yan koli su cusa su cikin kayan kwalliya su kai kasuwar Wara da ƙauyukan Shanga, wasu su hau jirgin ruwa su ƙetare. Littafi ɗaya yakan zaga gida goma kafin bangonsa ya rabu da shi. Wadda ta iya karatu ta karanta a fili, waɗanda ba su iya ba su kewaye ta suna tsinkar zogale.

Labarin saurayi da budurwa da mai kuɗin da ya shiga tsakaninsu ya girmi kasuwar. Cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, akwai Jiki Magayi, wanda ya rubuta tare da John Tafida, kuma ƙashin bayansa ke nan: Abubakar na son Zainabu, attajiri ya ƙwace ta. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Bafulatana Boɗaɗo da ta kafe a kan wanda take so. Amma waɗannan duk littattafai ne da hukuma ko kamfani ya zaɓa ya buga. Abin bai zama sana'ar da mutum zai ci tuwo da ita ba sai da abu biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara da suka iya karanta Hausar boko, sannan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986 ya karya manyan kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa suka ɗauki alƙalami, suka tara 'yan kuɗinsu, suka nufi masu injin buga katin biki da kalanda.

Talatu Wada Ahmed na cikin na farko da Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sai Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A Kano aka kafa ƙungiyar Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, 1991, babu littafin da ke tashe kamar In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talaka. Bayansu Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka laƙaba wa Anti Bilki, ta zo da Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, ta kwashe matan aure da 'yan mata gaba ɗaya.

Yadda aikin yake a wancan zamani, marubuciya takan cika littattafan makaranta da biro, galibi da dare bayan yara sun yi barci. Sai ta ba ƙaninta ko mijinta ya kai wa mai buga keken rubutu, daga baya kwamfuta, a kawo mata ta duba kurakurai, in ma an kawo. Daga nan sai maɗaba'a. Takarda mafi araha ake sa wa, bango kuwa da zanen hannu aka fara, daga baya aka koma liƙa hotunan 'yan fim. Wadda ba ta da jari sai ta sayar wa ɗan kasuwa labarin ɗungurungum, ya buga sau nawa ya ga dama, ita ta tashi da abin da aka ba ta ranar farko. Wadda ta buga da kuɗinta kuma ta kai wa dillalai a Sabon Gari su karɓa bashi, sai an sayar a biya. Marubuta da yawa sun yi suna har Yamai da Agadas alhali kuɗinsu na kwance a shagon wani.

Gwanintar kuwa tana wurin yanka. Ba a sakin labari a dunƙule, sai a raba shi gida biyu, uku, wani lokaci huɗu, kuma duk marubucin da ya san hannunsa ya san inda zai sa wuƙa. An ɗaura aure, an kai amarya, ango ya ɗaga mayafi ya ga ba ita ba ce, sai a ce maka mu haɗu a littafi na biyu. Wannan jimla ita ke ciyar da marubuci da mai maɗaba'a da dillali da mai tabarmar Yelwa. Na sha ganin yayata ta wurgar da littafi tana tsaki, kafin la'asar kuma ta kira ni: "Ƙanena, don Allah koma ka gani ko an dawo da na biyun."

Akwai gwaninta ta biyu wadda ba a cika yaba musu a kanta ba. A al'adar da yarinya ba ta iya faɗin sunan saurayinta a gaban uwarta, yaya za ka rubuta son farko? Dole marubuci ya koyi aiki da abin da ake iya gani: sunkuyar da kai, wasa da gefen mayafi, zane ƙasa da yatsan ƙafa a wurin zance, ƙanwar da ake aikowa ta ce wai tana zuwa, wasiƙar da aka soke cikin littafin lissafi. Nagari a cikinsu sun iya sa zuciyar mai karatu ta buga ba tare da hannu ya taɓa hannu ba. Raggaye kuma su cika shafi uku da bayanin dogon hanci da dara-daran idanu da jerin akwatunan lefe. Su ne suka fi yawa, kamar a kowace sana'a.

Kuma in ka cire kwalliyar, yawancin littattafan labarin girma ne. Yarinya ce 'yar shekara goma sha wani abu, tana tsakanin makaranta da ɗakin miji, ana yanke hukunci a kanta a zauren da ba ta da izinin shiga. Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila? an cire ta daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka haɗa ta da tsoho, ta gudu ta nemi ilimi da kanta. Balaraba ba daga nesa ta hango wannan ba, ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. 'Yan matan da na sani a Yelwa ba su karanta wannan littafi don nishaɗi kawai ba. Wasu a ciki suka fara jin cewa ana iya cewa a'a.

Shi ya sa sana'ar ba ta taɓa rabuwa da rigima ba. Ibrahim Malumfashi ya kira ta Adabin Kasuwar Kano, yana ganin hajar yayi ce da za ta wuce, Abdalla Uba Adamu ya tsaya mata, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu shekara da shekaru. Iyaye na cewa littattafan na koya wa yara rashin kunya, malaman makarantun kwana suna ƙwacewa. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau, ta hannun hukumar A Daidaita Sahu, ta cinna wa tarin littattafan wuta a bainar jama'a, hukumar tace fina-finai da ɗab'i kuma ta matsa wa marubuta su yi rajista. Ni dai a ganina an yi kuɗin goro. Akwai na banza a ciki, ba musu, amma wanda ya ƙona su duka bai karanta ko goma ba. Shekara biyar bayan wutar, wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Abin da wuta ba ta yi ba, tsadar takarda da wayar hannu sun yi. Rabona da ganin mai hayar littafi a Yelwa har na manta. Yanzu marubuciya da babban yatsa take rubutu, ta saki shafi ɗaya ko biyu kullum a zauren WhatsApp ko a Wattpad ko Facebook. Takan fara da shafukan kyauta, in labari ya kama mutane sai ta tsaya cak ta ce daga nan littafin kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya a shiga zauren masu biya. Wuƙar nan dai ce ta da, wurin yankan ne ya sauya. Ta huta da dillali da bashinsa, amma ta samu sabon ciwon kai: mutum ɗaya ya biya, ya kwashe labarin ya watsa wa dubu kyauta, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube ya ci kuɗin talla. Shi ya sa za ka ga an buɗe shafi da Allah ya isa kafin a yi sallama. Masu karatu ma sun shigo cikin ɗakin rubutun. Suna zagin jarumi, suna roƙon kada a kashe wance, kuma marubuciyar da ke tsoron a watse mata takan juya akalar labari don ta faranta musu. Saurin kullum sai an saki shafi ya kashe gyara, Hausar ta cakuɗe da Ingilishi, wasu kuma sun gano batsa na da kasuwa, ga shi babu mai tacewa a waya. Duk da haka ƙofa ta buɗe, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin matan da ke rubutu a lungunan da ba a zata ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, na shekara fiye da ashirin ina karanta waɗannan littattafai, kuma kusan duk soyayyar da na karanta a Nasarawa ta Kano aka yi ta, ko Maitama, ko a jirgin Dubai. Jarumi ɗan Alhaji ne mai kamfani, ko soja, ko likita. Ni ban ci karo da wanda ya zo zance da warin kifi a rigarsa ba. Yarinyar da ke tallan kifi a bakin ruwa tana karanta yadda ake buɗe wa wata ƙofar mota, ta tashi da sanin cewa so abu ne da ke faruwa a wani gari.

Alhali ga kaya zube a ƙasa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungaye da garuruwa, aka tashi mutum fiye da dubu 40 aka zuba su a sababbin gidajen siminti da ba su saba da su ba. Gungawan da suka gaji noman albasa da gero a tsibiri suka wayi gari a tudu. A cikinsu akwai saurayi da budurwar da aka kai ƙauyukansu wurare daban-daban, suna nan da ransu wasunsu, sun tsufa, ba wanda ya tambaye su. Ga Sarkawa masu bin kifi, yaro ya yi wata da watanni a ruwa ya dawo ya tarar an ba da ita. Ga Kambari da Dukawa da Shangawa, ga auren da ke ƙetare yare da addini da abin da yake jawowa a gida. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru suna da golmo, inda saurayi ke shekara bakwai yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Wane ɗan Alhaji ne a littafi ya taɓa biyan irin wannan sadaki? Ga ranar Rigata, gari ya cika, samari na tsere a jirage, kowa ya san idon wa yake nema a bakin gaɓa.

Akwai kuma masu nauyi. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara da mutane masu yawan gaske, da yawansu matasa masu neman na kansu. Ranar 17 ga Yunin shekarar 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, kuma 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai 2023. Tsararsu da ke Ngaski da Shanga da Yauri da wannan suka girma, da shi suke zuwa makaranta, waɗanda aka bari su ci gaba da zuwa. Ba na cewa a mai da ciwon mutane hajar kasuwa. Amma yarinyar da ta yi shekara sha shida a wannan yanki tana da abin faɗa game da tsoro da so da girma, wanda marubuciyar Kano ba za ta iya ƙirƙiro mata ba.

Da can uzurin a bayyane yake: maɗaba'a na Kano, dillali na Kano, kuɗin mota ma aiki ne. Yanzu kayan aikin duka suna cikin wayar da ke hannunki, ƙanwata. Na san akwai masu rubutu a cikinku, na ga kuna sa wa jarumanku gidaje a Abuja don kuna tsoron ba za a saya ba. Ki gwada sau ɗaya ki sa saurayin a jirgin Zamare, ki bar budurwar a bakin gaɓa da tiren kifi a ka, ki yanke labarin daidai inda injin ya mutu a tsakiyar ruwa. Ni zan biya kuɗin littafi na biyu.