Chambord: fadar sarki, ƙauyen ƴan haya

Ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ranar hutu ta riska a birnin Paris yana iya yin sammako, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Blois. Daga nan kar za ta ƙarasa da shi Chambord, kimanin kilomita 15, ya komo da dare.

Sarki Faransuwa na ɗaya ne ya aza harsashin fadar a shekarar 1519, don farauta da nuna isa. Ɗakunanta sun haura 400, ga ganuwa mai tsawon kilomita 32 kewaye da dajinta. Matakalarta biyu an tufka su wuri guda kamar igiya: mai hawa da mai sauka suna hangen juna, ba su haɗuwa. Amma kwanakin da sarkin ya yi a ciki ba su kai wata 3 ba!

Bai kamata baƙo ya wuce ƙauyen da gaggawa ba. Tun da gwamnati ta sayi wurin a 1930, ƙasar duka tata ce. Mazauna, kimanin mutum 100, suna zaɓen magajin gari kamar kowa, amma babu mai gidan kansa a cikinsu. Masu shaguna ma haya suke biya.