Filin Musaya da Juyen Ƙwaƙwalwa a Tsarin Aikin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda aka ɗora wa kula da babbar kwamfuta, tambayoyi biyu na jiransa tun ranar da zai kafa ta. Ta farko, wane irin girma ya kamata a ba filin musaya? Ta biyu, idan tsarin aiki ya rushe, ina za a sami shaidar abin da ya rushe shi? Wannan maƙala za ta nuna cewa amsar ɗaya tana rataye da ta ɗayar.

Ma'anar Filin Musaya

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, mai sauri amma ƙarama, wadda ke mance kome da zarar wuta ta ɗauke. Akwai kuma faifai, mai faɗi amma mai nawa. Misalinsu kamar tebur ɗin ɗan tireda ne da ɗakin ajiyarsa: idan tebur ya cika, sai ya kai kayan da ba a nema ɗaki, ya ɗauko su in mai saye ya zo. Yankin faifai da aka keɓe don wannan kai-kawo shi ne filin musaya. An fara wannan dabara a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Mancesta a Ingila, wadda aka ƙaddamar a 1962, sannan ta shiga Unix na Jami'ar Berkeley a 1979.

Yawan Filin da Ake Bukata

A da, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ba filin musaya ninki biyu na ƙwaƙwalwa. Wannan ya dace da zamanin da ƙwaƙwalwa ba ta wuce 'yan megabait ba. Amma na'ura mai gigabait 64 ba ta bukatar 128, domin kafin ta cika rabin wannan fili ta riga ta shagala da kai-kawo har aikin ainihi ya tsaya. Peter Denning ya bayyana wannan matsala tun 1968. Saboda haka kamfanin Red Hat ya ba da shawarar ninki biyu ga mai gigabait 2 ko ƙasa, daidai da ƙwaƙwalwa ga mai 2 zuwa 8, sannan aƙalla gigabait 4 ga wadda ta fi haka. Ita kuwa na'urar da ake so ta yi barci ta farka inda ta tsaya, dole filinta ya iya ɗaukar abin da ke ƙwaƙwalwarta.

Juyen Ƙwaƙwalwa

Cibiyar tsarin aiki, watau kanel, ita ke raba ƙwaƙwalwa da lokaci tsakanin manhajoji. Idan ta ci karo da kuskuren da ba ta iya gyarawa, sai ta tsai da kome, don kada ɓarnar ta kai ga bayanan da ke faifai. Kafin ta mutu takan kwafe abin da ke ƙwaƙwalwa, domin masana su bincika daga baya. Sai dai cibiyar da ta rikice ba abar yarda ba ce wajen rubuta fayil, don tana iya lalata na wasu. Dalili ke nan tsarin FreeBSD ke zuba juyen kai tsaye a filin musaya, kuma daga ƙarshensa, don kada a taka shi yayin tashi. Bayan an tashi, manhajar savecore takan kwashe shi zuwa /var/crash. A nan ne tambayoyin biyu suka haɗu: idan filin ya gaza juyen, ba za a rubuta shi ba, shaida ta salwanta, kuma cutar za ta dawo ba a san sunanta ba.

Linux ya bi wata hanya tun 2005. Dabararsa, kdump, takan keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa ga cibiya ta biyu, wadda ke tashi idan ta farko ta faɗi, ta rubuta juyen cikin natsuwa. Shi kuwa Windows, cikakken juyensa na bukatar fayil ɗin musaya da ya ɗara ƙwaƙwalwa kaɗan. Duk tsarin uku suna iya taƙaita juyen ga abin da ya shafi cibiya kawai, wanda ya rage bukatar fili ƙwarai.

Kammalawa

Ke nan ba a yanke girman filin musaya da lissafin ninki kaɗai, sai an duba aikin na'urar, da irin juyen da ake so. Wajibi ne kuma mai kula ya rushe tsarin da gangan sau ɗaya, ya tabbatar juyen ya rubutu, tun kafin ranar bukata. Haka nan ya tsare shi da kyau, domin kalmomin sirri da duk abin da mutane ke aiki a kai lokacin rushewar suna iya kasancewa a ciki.