Ruwan Kwata Zai Iya Tona Asirin Mai Shaye-shaye?

Duk inda aka ga ma'aikaci sanye da safar hannu yana ɗibar ruwan kwata a gora, sai magana ta tashi: wai gwamnati ce ke farautar 'yan ƙwaya. Daga Taba zuwa kasuwar Makarfi, wannan zance na da masu saye. Akwai gaskiya a cikinsa, akwai kuma ƙarin gishiri.

Gaskiya ne ana gano ƙwaya a ruwan ƙazanta. Abin da mutum ya sha, hanta na sarrafa shi, ragowar ta fita ta fitsari. A 2005, masana daga cibiyar Mario Negri da ke Milan suka auna ruwan kogin Po a Italiya, suka ƙiyasta cewa yana ɗauke da ragowar hodar iblis ta kusan kilo 4 kullum. Tiramol ma haka take: jiki na sauya wani kaso nata zuwa wani sinadari daban, shi ya sa ake iya bambanta wadda aka haɗiya da wadda aka zubar a lambatu.

Amma cewa gwajin zai nuna sunan wani ko gidansu, wannan ƙarya ce. Fitsarin dubban mutane ne ya cakuɗe. Awon na faɗin yawan abin da gari ya sha, ba ya ƙirga kawuna, kuma ba ya raba majinyacin da likita ya rubuta wa magani da ɗan shaye-shaye. Alƙaluman da aka sani a Najeriya, wato masu shaye-shaye miliyan 14.3 a binciken 2018, daga tambayar mutane aka samo su.

Masu gorar da ake gani fa? Tun 2011 ake ɗibar ruwan magudanai a Kano, kuma ƙwayar cutar shan inna ake nema.

A Ikara, Kudan da ƙauyukansu, awon ƙwaya a ruwan kwata ma da wuya. Turai na da bututun da ke tara ƙazantar gari wuri guda. A nan kuwa kowane gida da masansa, abin da ya shiga rami a rami yake zama.

Sai zancen da ya fi ruɗar mutane, wai itacen tafashiya na yin tiramol da kansa. Masu bincike ne suka fara faɗin haka a 2013, bayan sun same ta a saiwoyin da aka haƙo a arewacin Kamaru. Shekara guda bayan nan, tawagar Michael Spiteller ta Jamus ta bi sawu, ta tarar manoman yankin na sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki. Shanun na fakewa a inuwar itacen, fitsari da kashinsu su jiƙa ƙasa, saiwa ta tsotse. A saiwoyin da aka gwada daga kudancin ƙasar, ba a sami tiramol ba.