Bakurfaye, In Iska Ta Taso Kada Ka Shiga Kwale-kwale

Ƙasar Kurfai ƙasar tudu ce. Ruwan da yaron Filinge ya sani shi ne na rijiya da na tafkunan Dallol Bosso, masu cika da damina su janye da rani. Amma fatauci da cin rani suna kai mu bakin kogin Isa, daga Yamai zuwa Gaya har Yawuri, mu shiga jirgi alhali yawancinmu ko iyo ba mu iya ba.

A watan Fabrairun 2019 wani kwale-kwale ya taso daga ƙasar Benin da 'yan kasuwa kimanin 100. Iska mai ƙarfi ta kifar da shi a yankin Sambera, jahar Dosso, sama da mutum 40 suka salwanta. Abin takaicin, sun kusa gaɓa.

Ganin gaɓa ne ke ruɗin fasinja. Kowa ya miƙe yana lalubar ƙunshinsa, nauyi ya koma gefe guda, daidai lokacin da matuƙi ke karkata jirgi don ya tsaya, haƙarƙarin jirgin ya fuskanci igiyar ruwa. In an riga an danƙara buhunan hatsi da babura har tsakanin ruwa da bakin jirgi bai wuce taƙi ɗaya ba, igiya biyu sun isa. Ko matuƙan jiragen sama masu sauka a kan ruwa, irin na Alaska da Kanada, iskar gefe suke tsoro wajen sauka: takan ɗaga fiffike ɗaya, ɗayan ya caki ruwa, jirgi ya wuntsila. Shi ya sa suke fuskantar iska, in ta ƙi kwantawa su nemi wani wuri.

Su ke nan masu na'urori. Kai idonka ne na'urarka. In ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ko iskar hunturu ta sa ruwa yana farin kumfa, zauna a gaɓa ko da kasuwa za ta watse. Tambayi Sorkawan wurin, sun fi ka sanin ruwansu. In akwai rigar kariya, saka ta, ba abin kunya ba ne. In jirgi ya cika ana cewa "a matsa, akwai wuri", sauka ka jira na gaba. In kuwa ka shiga, kada ka miƙe sai matuƙi ya ɗaure jirgi.