Gwajin Ƙanjamau Ga Masu Shaye-Shaye: Hakkin Wanda Ya Ba Da Jininsa Domin Bincike

Tun daga shekarar 1986, lokacin da aka ba da sanarwar samun mutum na farko mai ɗauke da cutar ƙanjamau a Nijeriya, likitoci suka gane cewa ba a iya yaƙi da wannan cuta sai an san inda ta fi yaɗuwa. Wannan ne ya sa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya takan tura ma'aikata su binciki mutanen da suka fi shiga haɗari, cikinsu har da masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi. An yi irin wannan bincike a 2007 da 2010 da 2014 da kuma 2020.

Dalilin sa musu ido a fili yake. Idan mutum uku ko huɗu suka yi tarayya a kan sirinji guda, ɗan jinin da ya rage a ciki ya isa ya kai cutar daga wannan zuwa wancan. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi shaye-shaye cikin shekara guda a ƙasar nan, kimanin 80,000 daga cikinsu kuwa allura suke yi. Binciken 2018 ya sami cutar a jikin kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49, amma na 2020 ya same ta a jikin kusan kashi 11 cikin 100 na masu allura.

To, idan masu bincike suka iso birnin Bauchi suka sami matashi a wajen Wunti ko Yelwa suka nemi jininsa, mene ne hakkinsa a kansu? Tambayar tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani binciken da ya shafi yara kimanin 200, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har yau akwai mutanen Arewa da ke ɗari-ɗari da duk mai zuwa da takarda da allura.

Hakki na farko shi ne yarda. Wajibi ne a bayyana wa mutum, cikin harshen da yake ji, abin da za a yi da jininsa, kuma yana da ikon ya ƙi ko ya janye ba tare da ya rasa wani magani ba. Wanda ke cikin maye ba a karɓar yardarsa sai ya wartsake. Haka nan kuɗin mota da akan ba mahalarta bai kamata ya yi yawan da zai ruɗi wanda ƙwaya ta riga ta kama ba. Kwamitin da ke kula da ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ya tsara waɗannan ƙa'idodi tun 2007.

Na biyu shi ne nasiha kafin gwaji da bayansa, tare da ba mutum sakamakonsa. Wanda aka ce ba shi da cutar sai a faɗa masa cewa takan iya yin wata uku a jiki kafin gwaji ya nuna ta, saboda haka ya komo a sāke. A koya masa kuma kada ya taɓa sirinjin wani.

Na uku shi ne sirri, kuma a nan gizo yake saƙa. Mai shaye-shaye yana tsoron abu biyu, watau tsangwamar jama'a da kamun jami'an NDLEA. Dokar 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar, amma idan labari ya bazu cewa sunan wani ya fita daga ɗakin gwaji, ba wanda zai ƙara zuwa. Shi ya sa akan sa lamba a kan takarda maimakon suna.

Na ƙarshe, lalle ne a haɗa wanda aka samu da cutar da wurin magani, kada a ɗauki adadi a tafi a bar shi da tashin hankali. Ana ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnati, a Bauchi ma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kuma hukumar BACATMA mai kula da yaƙi da cutar a jihar. Wanda ya riƙe magani sosai har ƙwayar cutar ta daina bayyana a jininsa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya.

Saboda haka muna kira ga iyaye da masu unguwanni, idan masu bincike suka zo, su nemi ganin takardar izini daga kwamitin ɗa'a, su tambayi inda za a kai wanda aka samu da cutar, sa'an nan su bar yaro ya shiga ɗakin nasiha shi kaɗai.