Ƙaura Zuwa Jos: Lissafin Da Magidanci Zai Yi Kafin Ya Kwashe Iyalinsa

JOS: A duk lokacin da kamfani ya yi wa ma'aikacinsa canjin wurin aiki, ko kuwa ɗan kasuwa ya ƙudura buɗe reshe a wani gari, tambayar da ta fi ɗaukar lokaci a gida ba ta wuce ta makarantar yara ba. Shekaru da dama sunan Jos, babban birnin Jihar Filato, yana cikin na farko da ke zuwa bakin magidanta idan ana wannan shawara. Har yanzu garin yana da abubuwan da suka jawo masa wannan suna, amma wanda zai zauna a cikinsa yau wajibi ne ya yi lissafin da magabatansa ba su yi ba, wato na unguwar da zai sauka da kuma hanyar da 'ya'yansa za su riƙa bi kowace safiya.

Abu na farko da ke jan hankalin baƙo shi ne yanayi. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, saboda haka zafin bazara da ke addabar Kano da Sakkwato da Maiduguri ba ya kai mata da ƙarfi. Ruwan sama da take samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,400. Ga magidanci, ma'anar wannan ita ce raguwar kuɗin da zai kashe a kan fanka da na'urar sanyaya ɗaki da man janareta, ko da yake sai ya tanadi barguna da rigunan sanyi domin hunturun Disamba da Janairu. Haka kuma dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da tumatir da ake saukewa a kasuwar Farin Gada, suna isa tukunya ba tare da kuɗin doguwar mota ya hau kansu ba.

Yawan makarantun Jos kuwa ya samo asali ne daga kuza. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka soma haƙar kuza a tudun, kuma a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso yankin domin kwasar ta. Ma'adinin ya tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da Turawa da 'yan Labanan a kan ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, kowane rukuni kuma da bukatarsa ta ilmantar da 'ya'ya. 'Yan mishan suka buɗe makarantar Hillcrest a 1942, wadda ke bin tsarin karatun Amurka, suka kuma kafa sakandaren maza ta Gindiri a 1950. Cocin Katolika ta gina kwalejojin St. Murumba da St. Louis a cikin gari da St. Joseph a Vom. Daga bisani gwamnati ta shigo da Kwalejin Gwamnatin Tarayya a 1973 da Makarantar Sojojin Sama a 1980. Al'ummar Musulmi su ma sun gina nasu, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a garin a 1978, inda aka samu makarantu masu haɗa karatun addini da na zamani.

Lokacin da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, ramukan haƙa sun zama kududdufai, amma makarantun sun tsaya da ƙafafunsu domin wasu ma'aikatu sun riga sun kafu. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, ta samu cin gashin kanta a 1975. Akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom tun 1924, da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa ta Kuru da aka kafa a 1979, da hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, da runduna ta uku ta sojan ƙasa a Rukuba, da kamfanin NASCO da ya soma aiki a 1963. Garin da ya tara malaman jami'a da likitoci da hafsoshi ba ya rasa iyaye masu neman makaranta ta ƙwarai, ba ya kuma rasa malaman da za su koyar a cikinta. Wannan gasa ce ta sa magidanci yake da zaɓi daga makaranta mai sauƙin kuɗi har zuwa mai tsadar gaske.

Sai dai kuma taswirar zaman jama'a a Jos ta sauya. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, ya ci rayuka kimanin 1,000 bisa ƙiyasin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. An sake yin wani a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a Janairu 2010. Babbar kasuwar Terminus, wadda take cikin mafi girma a ƙasar, ta ƙone a Fabrairu 2002. Sakamakon haka mutane da yawa suka sayar da gidajensu suka koma inda 'yan'uwansu a addini suka fi yawa. Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Titin Bauchi sun zama na Musulmi galibi, Jenta da Kabong da Unguwar Rukuba kuma na Kirista, yayin da wurare irin su Rayfield da unguwar Turawa ta da suka ci gaba da zama a cakuɗe, da hayar da ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

Wannan rarrabuwa tana da farashi, kuma magidanci ne ke biyan sa. A unguwannin da jama'a suka cunkushe bayan rikici, fili ya yi ƙaranci, ajujuwan makarantun gwamnati sun cika maƙil, makarantu masu zaman kansu kuma sun tsiro a gidajen haya, wasu da inganci, wasu kuwa sai allon suna kawai. Wanda ya zaɓi makaranta a wani ɓangaren gari daban da gidansa zai ɗauki nauyin mota safe da rana, nauyin da ya ƙaru tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023. Bugu da ƙari, ranar da hankali ya tashi, nisan da ke tsakanin uwa da ɗanta shi ne abin da za a fara aunawa. A Agusta 2021, bayan harin da aka kai wa matafiya a hanyar Rukuba, an sa dokar hana fita dare da rana a Jos ta Arewa, Jami'ar Jos ta rufe, gwamnatocin jihohi da dama kuma suka aika motoci suka kwashe ɗalibansu.

Adalci ne a ambaci cewa hukuma da jama'ar gari ba su naɗe hannu ba. An girke rundunar tsaro ta musamman a jihar tun 2010, gwamnatin jiha ta kafa hukumar samar da zaman lafiya a 2016, shugabannin addinai da na matasa kuma sun sha kashe wuta kafin ta kama. A shekarun baya-bayan nan hare-hare sun fi aukuwa a karkarar Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom, kamar na Disamba 2023. Wannan ya shafi iyayen da ke tunanin makarantar kwana a wajen gari, domin katanga da masu gadi da lafiyar hanya sun shiga cikin abin da za a duba tare da sakamakon jarrabawa.

Akwai kuma batun takardar shaidar zama ɗan asalin jiha. Kamar yadda yake a sauran jihohin Nijeriya, tallafin karatu na gwamnatin jiha da guraben aikinta sun fi karkata ga masu wannan takarda, kuma a Jos ta Arewa batun ya daɗe yana cikin tushen jayayya tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar a 1991. Saboda haka baƙon da ya zo daga Katsina ko Zariya zai kyauta wa 'ya'yansa idan ya karɓa musu takardar ƙaramar hukumarsa ta asali tun kafin ya tashi, domin za a neme ta ranar shiga kwalejin tarayya ko jami'a.

Daga waɗannan bayanai, tsarin da ya fi dacewa shi ne magidanci ya fara zaɓen makaranta, sannan ya nemi gida kusa da ita, daga baya ya duba nisan ofis ko shago. Babba yana iya jure tafiyar rabin sa'a ya kuma san inda zai fake, yaro ɗan firamare kuwa ba zai iya ba. Ya kamata ya ziyarci makarantar da kansa a ranar karatu, ya ga yawan yara a aji, ya nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilmi da sakamakon WAEC da NECO na shekaru uku a jere, ya kuma tambayi abin da makarantar ke yi da yara idan aka sa dokar hana fita suna aji. Kuɗin makaranta kuma a lissafa shi da na littattafai da tufafi da mota da abinci, domin araha ba ta ado.

Lokacin tashi ma yana da muhimmanci. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, kuma yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare gara a bar shi ya kammala inda yake, tun da ta hannun makaranta ake yin rajistar jarrabawar fita. Ma'aikata da yawa kan fara zuwa su kaɗai na zango ɗaya, su san gari da maƙwabta, kafin su kwaso iyali. Kuɗin zama gida biyu na wata uku bai kai asarar biyan hayar shekara a unguwar da mutum zai bari bayan wata biyu ba.

Ga kamfanoni da bankunan da ke tura ma'aikata Jos, darasin shi ne su ba da sanarwar canji tun kafin dogon hutu, su kuma sa kuɗin haya da na makaranta cikin alawus ɗin ƙaura. Ma'aikacin da hankalinsa ya kwanta game da 'ya'yansa shi ne ke daɗewa a reshe, yana sanin abokan ciniki, yana kawo riba.