Kasuwar da Ba a Kasa Komai Sai Wasa

A watan Oktoba na kowace shekara, birnin Essen da ke yammacin Jamus yana cin wata kasuwa ta kwana huɗu, daga Alhamis zuwa Lahadi. Ba a kasa hatsi a cikinta, ba a kasa atamfa. Hajarta guda ce: wasannin da ake bugawa a zaune a kan tebur, na allo da na kati da makamantansu. Sunan taron Spiel. Lokacin da aka fara shi a 1983, mutanen da suka zo ba su wuce kimanin 5,000 ba. A 2024 kuwa an ƙirga shigar mutum 204,000, kamfanoni sama da 900 daga ƙasashe fiye da 50 suka kafa rumfa, aka baje sababbin wasanni sama da 1,500 waɗanda kafin wannan shekarar babu su a kasuwa.

Wanda ya san yadda kasuwar Dutsin-Ma take cika ranar Laraba, kowace sana'a da layinta, zai iya kwatanta tsarin wurin a ransa, sai dai a can mai saye ba ya tayawa ya wuce. Kujera yake ja ya zauna. Kowace rumfa tana da tebura, da ma'aikacin da aikinsa shi ne ya koya wa baƙi dokar wasan cikin 'yan mintoci. Mutum huɗu da ba su taɓa ganin juna ba, wataƙila ma ba sa jin yaren juna, sai su shafe awa guda suna fafatawa. In wasan ya yi daɗi a sayi kwali, in bai yi ba a matsa gaba. Akwai dattawa masu furfura, akwai iyaye da 'ya'yansu, akwai masu zuwa da akwatin tafiya wayam don su cika shi da kwalaye.

Yawan jama'ar ma bai kai bambancin wasannin ban mamaki ba. Ga Catan, wanda wani Bajamushe mai sana'ar haɗa haƙoran roba, Klaus Teuber, ya fitar a 1995: 'yan wasa suna gina ƙauyuka da hanyoyi a wani tsibiri, kuma ba mai ci gaba sai ya yi musayar itace da bulo da alkama da ulun tumaki da abokin hamayyarsa. Rabin wasan ciniki ne da baki. An sayar da kwalinsa sama da miliyan 40. Ga Pandemic na 2008, inda ba a cin juna ko kaɗan. Duk waɗanda ke tebur ƙungiya ɗaya ce da ke ƙoƙarin tare annoba kafin ta game duniya, ko dai su yi nasara tare ko su faɗi tare. Ga kuma masu yaƙi da 'yan ƙananan gumakan sojoji irin na Warhammer, waɗanda mai su kan shafe makonni yana yi musu fenti da hannu kafin ya jera su, ana auna tazarar harbi da tef ɗin awo.

Akwai wani rukunin da ya fi kusa da tatsuniya. A Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi yana faɗin abin da zai yi, a jefa 'yan ƙwallaye masu lamba su yanke ko ya dace ko bai dace ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, Gary Gygax, shi ne ya assasa taron Gen Con a 1968 a garin Lake Geneva na Amurka, da mutum kusan ɗari. Tun 2003 taron ya koma Indianapolis, kuma a 2024 mutum 71,000 suka halarta, da zaman wasa daban-daban fiye da 20,000 a jadawalin kwana huɗu.

Jamusawa sun ɗauki abin da gaske har suna buga sunan wanda ya ƙirƙiri wasa a jikin kwali kamar marubucin littafi, kuma tun 1979 suke ba da lambar yabo ta gwarzon wasan shekara.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga Bakatsine, in aka cire kwali da fenti. A majalisun Dutsin-Ma da Kurfi, bayan La'asar, ba a rasa inda aka share ƙasa a gindin bishiya aka tona gurabe talatin, layi biyar na shida-shida. Wannan ya karyo tsinke goma sha biyu, wancan ya tsinto duwatsu goma sha biyu. Da farko kowa yana dasa nasa ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan gwani yake cin wasan tun ba a fara motsi ba, domin yana dasawa ne yana hango inda zai jera uku nan gaba, yana toshe inda abokinsa ke hari. In an gama dashe sai a fara gusawa gurbi ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Mugun matsayi shi ne wanda mutum zai riƙa kai ɗa ɗaya yana komo da shi, kowane motsi da ci, abokin wasa yana kallo ba yadda zai yi. 'Yan kallo kuwa an ce su yi shiru, amma ba su taɓa yi ba. "Malam, ka buɗe masa ƙofa!" "Baba, bar wannan, ga na gefe." Babu sa'a a dara ko ta sisin kwabo, lissafi ne zalla. Zabarmawan Nijar suna buga irinta da sunan dili, mata kuma suna da tasu darar ta zuba 'ya'ya a gurabe, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa.

Sauran wasannin majalisa yawancinsu baƙi ne da suka zama 'yan gida. Lido daga wasan pachisi na Indiya ya samo asali, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Katin Whot a Ingila aka ƙirƙiro shi a 1935, amma a Najeriya ya sami gindin zama, har 'yan ƙasar suka ɗora masa nasu dokokin: a jefa lamba 2 a ce maka ɗauki biyu, a jefa 14 a ce "janar maket" kowa ya tafi kasuwa.

Abin da ya hana waɗannan wasanni daraja a nan sananne ne. Ana kallon mai dara a matsayin mai zaman kashe wando, kati kuma sunansa ya ɓaci saboda caca, malamai da dama ma suna hana duk wasan da ake jefa ɗan lido a cikinsa. Ƙorafin yana da tushe, don an ga magidancin da sallah ta wuce shi yana kan gurbi, an ga wanda ya bar kuɗin cefane a wurin karta. Amma ɗora laifin caca a kan dara rashin adalci ne ga wasan da ba a jefa komai a cikinsa, wanda kuma yake koya wa yaro hangen motsi uku a gaba fiye da yadda wasu darussan aji ke yi.

A wasu sassan ƙasar an riga an yi nisa. Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. A Abuja, Kenechukwu Ogbuagu ya kafa kamfanin NIBCARD mai ƙera wasannin da aka gina a kan labarai da rayuwar Najeriya, kuma tun 2016 yake shirya taron wasannin tebur na Afirka da ake kira AB Con. Taron ƙarami ne in aka gwada da Essen, amma a 2021 kamfanin ya karɓi lambar Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na wannan fage.

Dutsin-Ma tana da abin da irin wannan taro ke buƙata. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita sun tara matasa daga jihohi da yawa, kowa da wasan garinsu, ga kuma dattawan dara a cikin gari da ƙauyukan kewaye. Kwalin wasan Turai ya yi tsada ga aljihun ɗalibi, amma gasar dara ba ta cin komai sai inuwa da alƙali. Aikin alƙalin ne zai fi wuya, domin dokar dara a ka take, ba a takarda ba, kuma takan ɗan sha bamban daga majalisa zuwa majalisa. Kafin ɗan Kurfi ya zauna da ɗan Safana, sai an fara yanke ko an yarda a jera huɗu a layi ɗaya, da kuma ko wanda ya ci yana da ikon cire ɗa daga cikin ukun da abokinsa ya riga ya jera.